Yadda ake cire wa tsohuwar Beetle injin fetur a mayar da ita mai aiki da lantarki

A cikin tsofaffin motocin da ake mayarwa masu aiki da lantarki, da wuya a sami wadda ta kai Volkswagen Beetle sauƙin sha'ani, wato Boswajar nan da wasu ke kira kunkuru. Injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto, sitiyarinta ba ya buƙatar famfo, birkinta bai jingina da inji ba, kuma a wuri 4 kacal aka ɗaure injin a jikin giyabos. An ƙera sama da miliyan 21 daga 1938 zuwa 2003, shekarar da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko, don haka kayan gyaranta ba su yanke ba har gobe. A Najeriya ma an riƙa haɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo a Legas tun 1975, shi ya sa ake tsintar ta a garejin tsofaffin ma'aikata, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyi sun sace.

Aikin ba sabo ba ne. A 2019 kamfanin Volkswagen da kansa ya nuna wata Beetle da aka sa wa kayan ƙaramar motarsa e-up!, tare da wani kamfanin Jamus mai suna eClassics. A 2014 Segun Oyeyiola, ɗalibi a Jami'ar Obafemi Awolowo, ya yi suna da Beetle ɗin da ya ɗora wa farantin sola. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya cire wa ƙananan bas injin fetur ya sa musu batir, suka shiga ɗaukar fasinja.

Sai dai ka ji gaskiya tun kafin ka ɗauki sifana. Ɗaura moton lantarki shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin aikin nan. Wahalar tana wajen batir: nauyinsa, inda za a ajiye shi, da yadda zai jure zafi. Duk wanda ya fara da sayen moto kafin ya yi lissafin batir, ƙarshenta motar za ta koma inda aka ɗauko ta.

Fara da takarda da biro

Rubuta kilomita nawa kake yi a ranar da ka fi yawo. Beetle mai lantarki tana cin abin da ya kai yunit 15 zuwa 17 a kilomita 100 idan ana tuƙin hankali, yunit ɗin nan da mitar gida ke ƙirgawa, wanda ake rubutawa kWh. Mu ɗauki 16. Idan tafiyarka kilomita 80 ce, kana buƙatar yunit 12.8. Ba a tatse batir har ƙarshe, kashi 80 cikin 100 ake amfani da shi, sai lissafin ya koma yunit 16. Ƙara masa wani abu saboda tsufa, ka tsaya a yunit 20. Wannan lambar ita za ta yanke maka komai daga baya.

Daga nan sai lissafin kuɗi. Injin Beetle yana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita 100. Bayan an mayar da ita, za ta ja yunit 18 daga soket a wannan tazara, don caja ma tana cin nata. Ɗauki farashin fetur na yau da kuɗin yunit a unguwarku ka buga, ka ga shekara nawa ragin zai ɗauka kafin ya biya kayan da ke cin dubban daloli. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya ɗan yi kyau, amma ga motar da ake fita da ita ranar Juma'a da ranar biki kaɗai, kuɗin ba zai dawo ba. Kuma idan da ƙaramin janareta za ka riƙa caji, ka haƙura tun yanzu: irin waɗannan suna ba da wajen yunit 2 a lita 1, wato fetur ɗin da ka guda a mota shi za ka ƙona a tsakar gida. Aikin na wanda yake da wuta mai tsayawa ne, ko sola mai ƙarfi, kuma yana son motar don ita kanta.

Akwai masu ganin cire wa tsohuwar mota injinta ɓarna ce. Ƙungiyar masu adana tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta ce a 2019 motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. A ganina suna da gaskiya a kan motar da komai nata na asali ne kuma injinta lafiya lau. Irin wannan a bar ta. Wadda ta dace da aikin ita ce mai lafiyayyen jiki da mataccen inji. Ko a nan ma, ka ɗaura wa kanka doka: ba yanka, ba huda sai dole, kuma tsohon inji da tanki a ajiye su, yadda wanda zai gaje ta zai iya mayar da ita yadda take.

Duba jiki, sannan ka auna

Shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. Wuraren da tsatsa ke cin Beetle sanannu ne: faifan ƙasa, musamman ƙarƙashin kujerar baya inda batir yake zama, da bututun nan biyu da ke bin ƙasan ƙofofi, da kan firam inda ƙafar gaba ta ɗauru. Inda sukundireba ya shige, mai walda ya fara aikinsa kafin kowa. Motar da ta zauna a Arewa tana da sa'a a nan fiye da wadda ta sha iskar teku a Legas. Saurari giyabos ɗin idan motar tana iya tafiya: wanda ke fitar da giya da kansa ko yake kuka a gyara shi yanzu, don ƙarar da inji ke rufewa za ta fito fili idan motar ta yi shiru.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, kai ta ma'auni irin na manyan motoci ko na masu sayen amfanin gona. Auna ta gaba ɗaya, sannan ƙafafun gaba daban, na baya daban. Za ka sami abin da bai wuce kilo 760 zuwa 890 ba, gwargwadon samfurin, kusan kashi 40 a gaba, 60 a baya. Auna tsayin kowane mudigadi daga ƙasa ka rubuta. A gaba, wajen safayar taya, akwai ɗan farantin ƙarfe da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da mutane da kaya. Abin da aka bar wa fasinja da kaya kilo 380 ne ko kusa da haka. Duk kilon batir da ya haura nauyin abin da ka cire, daga cikin wannan kason yake fita.

Zaɓen moto

Hanya 3 ce. Akwai moton DC mai burushi, irin WarP 9 ko wanda ake cirowa daga tsohuwar motar ɗaga kaya a sito. Yana da araha kuma riwaya zai gane shi, amma jikinsa a buɗe yake, ƙurar hunturu na shiga, ba ya mayar da wuta cikin batir idan an sassauta totur, kuma idan aka taka shi ba kaya a kansa yana iya gudu har ya tarwatse. Akwai moton AC mai ƙaramin boltej da ake sayarwa tare da kwantirolarsa, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga moto, kamar HyPer 9 na kamfanin NetGain ko AC-50 na HPEVS. Su suna aiki da wutar da ke kusa da 100V. Sai ta uku, ciro moto daga motar lantarki da ta yi hatsari, kamar Nissan Leaf, wanda ke buƙatar wajen 360V da kuma wata kwamfuta da za ta yi masa magana.

Ga mai yin aikin farko, ta tsakiya ta fi. Boltej ɗin bai kai na Leaf haɗari ba, akwai takardun haɗawa, kuma ana samun farantin da aka riga aka yanka daidai da giyabos ɗin Beetle. Ƙarfinsa ma ya yi yawa: HyPer 9 yana murɗawa da ƙarfin da ya kai 235 Nm, alhali injin 1600 na asali bai wuce 110 da wani abu ba. Za mu rage shi a kwantirola idan mun zo gwaji.

Batir, inda aikin yake

Manta da batirin dalma irin na inbata. Yunit 20 a cikinsa ya haura kilo 500, kuma rabinsa kawai za ka mora. Motar ba za ta ɗauka ba.

A Amurka da Ingila an fi amfani da sassan batirin Tesla Model S. Kowane sashe yana da yunit 5.3, nauyinsa kilo 25, wutarsa wajen 23V. Guda 5 a jere sun ba da kusan 114V da yunit 26, a kilo 125. Ba abin da ya kai su sauƙin nauyi. Amma sai an zagaya musu ruwan sanyi da famfo da ɗan lagireto, kuma irin sinadarinsu idan ya kama wuta ba ya jin kira. Sassan Nissan Leaf na farko sun fi sauƙin jerawa, guda 48 ne a batir mai yunit 24, sai dai ba a yi musu hanyar sanyaya ba, kuma tun 2012 masu Leaf a jihar Arizona mai zafi suka fara kukan batir yana mutuwa da wuri. Wanda ya san yadda Maris zuwa Mayu suke a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, ya san darasin ya shafe shi.

Shi ya sa na fi karkata ga ƙwayoyin LFP, wato batirin lithium mai sinadarin ƙarfe da fosfet, irin waɗanda masu haɗa batirin sola ke shigowa da su. Sun fi nauyi, amma sun fi jure zafi, sun fi daɗewa, kuma sun fi wuyar kamawa da wuta. Kowace ƙwaya 3.2V ce. Guda 32 a jere sun ba da 102V. Idan masu 200Ah ne (Ah shi ne awon yawan wutar da ƙwaya ke ɗauka), yunit 20 da ɗoriya ke nan, nauyinsu kuma wajen kilo 125 zuwa 135.

Ga tarkon da mutane ke faɗawa. Yawancin manyan ƙwayoyin sola an yi su ne su riƙa ba da wuta a hankali: ƙwaya mai 200Ah ta ba da 200A a tsaye, ta ninka na ɗan lokaci kaɗan. Kwantirolar mota kuwa tana iya neman 600A zuwa 700A idan aka take totur. Nemi takardar bayanin ƙwayar daga masana'anta, ka duba iyakar abin da take bayarwa, ka ɗaure kwantirola a ƙasa da wannan. A 102V, 200A ya ba ka kilowat 20, wanda ya ishi Beetle ta riƙe kilomita 90 a awa a kan miƙaƙƙiyar hanya. 400A na 'yan daƙiƙoƙi ya kai ƙarfin injin da aka cire.

Araha ba ta ado. Ƙwayoyin da masana'anta ta tsame saboda ba su cika ba suna yawo a kasuwa da sabuwar leda. Kafin ka haɗa, gwada kowace ɗaya da na'urar gwajin batir: cika ta, sauke ta, rubuta abin da ta bayar a jikinta. A jere, mafi rauni ita ke yanke wa sauran hukunci, ƙwaya 1 mai 170Ah ta mayar da duka 32 masu 170Ah. Bayan gwaji ka kai su duka 3.65V don su tashi daga mataki ɗaya. Kuma batir shi ne na ƙarshen saye. Yi akwatunan gwaji da kwali ko katako daidai girman ƙwayoyin, ka gama duk aikin ƙarfe, sannan ka biya kuɗinsa. In ba haka ba zai zauna a ɗaki yana tsufa kana jiran mai walda.

BMS ba abin zaɓi ba ne. Ita ce na'urar da ke kallon kowace ƙwaya, ta tsayar da caji idan ɗaya ta kai 3.65V, ta rage wa moto wuta idan ɗaya ta gangara kusa da 2.5V ko zafi ya yi yawa. Irin ta batirin sola, wadda wuta ke bi ta cikinta, ba ta dace da mota ba. Nemi wadda ke ba kwantakta (babban makunnin wutar batir) da caja umarni, kamar Orion.

Sauke inji

Wannan aikin wuni ɗaya ne ga makanikin da ya san Beetle. Cire kan batir, tsiyaye fetur da baƙin mai, a fili kuma nesa da masu walda. Cire wayar totur, tiyon fetur, wayoyin hita da na lantarki, kana manna wa kowace takarda da sunanta. Ɗaga bayan motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak ko bulo ba. Tallafi inji da jak, kwance ɗaurin nan 4, ja shi baya har ya saki sandar giyabos, sannan ka sauke. Fitar da tanki daga gaba, da kik, da salansa. Auna duk abin da ka cire. Zai kama kilo 140 zuwa 150 idan an haɗa da fetur ɗin da tanki mai lita 40 ke ɗauka. Abin da zai shiga kuwa, moto da kwantirola da caja da batir da akwatuna, zai kai wajen 250. Motar za ta ƙaru da kilo 100, wato kujerar mutum ɗaya da kayansa ta tafi.

Haɗa moto da giyabos

Abu 2 ke haɗa su: farantin alminiyam mai kauri da ke zama tsakanin fuskar moto da bakin giyabos, da wani curin ƙarfe da ke kama sandar moto ya ɗauki fulawil. Wasu na zubar da kuloci gaba ɗaya. Ni shawarata a bar shi. Canjin giya ya fi daɗi, kuma idan kwantirola ta rikice moto ya ƙi tsayawa, taka kuloci zai raba shi da taya.

Ciro fulawil daga tsohon inji. Babban noti mai lamba 36 ke riƙe shi, kuma a cikin notin akwai ƙaramin boris da kan sandar giyabos ke kwanciya a kai. Dole sabon curin ya kasance da mazaunin wannan boris ɗin, in ba haka ba sandar za ta riƙa lilo ta cinye giyabos. Kafin ka kwance, auna tazarar da ke tsakanin fuskar inji da fuskar fulawil. Wannan tazara ita za ka maimaita a kan moto, don kuloci ya kama ya saki yadda ya saba.

Idan da hali, sayi farantin da curin a shirye. Idan mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi maka, kai masa moton da giyabos ɗin da kansu, kada ya yi aiki da zane ko da ido. Bayan an ɗaura fulawil, sa agogon awo a gefensa ka juya da hannu. Karkacewar ta tsaya ƙasa da kashi 1 cikin 10 na milimita. Abin da ya wuce haka zai zama girgiza, girgiza kuma ta kashe boris. Sa sabon faifan kuloci da murfi mai ƙarfi, ka canja robobin da giyabos ke zaune a kansu, don yanzu za su sha murɗa tun daga tashi.

Akwatunan batir

Wuri 2 Beetle ta ba ka ba tare da yanka ba: ramin kaya da ke bayan kujerar baya, da gurbin tanki a gaba. Raba ƙwayoyin yadda awon farko zai dawo, misali 20 a baya, 12 a gaba. Idan ka jibge duka a baya, gaba zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin hanya, birkin gaba ya riƙa kullewa. Kada akwatin gaba ya zarce ƙafar gaba, nan ne ke fara murƙushewa a karo.

A yi firam da ƙarfe mai kusurwa, a ɗaure shi da kusoshi masu zare da suka ratsa wuri mai ƙarfi, da faranti a ƙasa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan motar ta kife, kilo 80 ɗin da ke bayan kujera zai tsaya a wurinsa? Shimfiɗa abin da ba ya ɗaukar wuta a ƙasa da gefe, ka sa siririn faifan roba tsakanin ƙwaya da ƙwaya, don shuɗiyar ledar jikinsu ba ta jure gogayya. Matse su da faranti a kowane ƙarshe yadda ba za su motsa ko su kumbura ba. Akwatin da ke cikin ɗakin fasinja a rufe shi ruf, a fitar masa da hanyar iska zuwa waje. Liƙa ma'aunin zafi a tsakiyar jerin, inda ya fi ɗumi, ka sa BMS ta hana caji idan ya haura digiri 45.

Wayarin

A nan ake mutuwa, don haka a natsu. Wutar DC da ta haura 60V tana kisa, kuma sifana da ya faɗa kan ƙwayoyin nan zai narke kafin ka janye hannu. Cire zobe da agogo. Naɗe sifanu da tef. Sa safar hannu ta masu aikin lantarki mai lambar 1000V, da tabarau. Kada ka yi aikin kai kaɗai, kuma ka bar jerin a rabe gida-gida, haɗin ƙarshe shi ne na ƙarshen ɗaurawa.

Babbar ƙa'ida, wadda riwayan da ya saba da motar fetur zai so ya karya: babbar wuta ba ta taɓa jikin mota. A wayarin 12V jikin mota shi ne hanyar dawowa. A nan kuwa waya 2 ne, ta zuwa da ta dawowa, dukansu a killace. Yi amfani da kebul mai kaurin murabba'in milimita (mm²) 50 zuwa 70, ruwan lemo, launin da duniya ta sani na babbar wutar mota. A matse kawunansa da injin matsewa, ba da guduma ba. Duk inda ya ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba, a ɗaure shi kusa-kusa, nesa da tiyon birki.

Daga batir, wutar za ta bi ta fis, sai makunnin da ake zarewa da hannu lokacin gyara, sai kwantakta, sai kwantirola. Fis ɗin ya zama na DC mai lambar boltej sama da naka, don tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa, fis ɗin gida zai narke wutar ta ci gaba da tsallakawa. Tunda akwati 2 ne, kowanne da nasa fis a bakinsa. Kwantakta babban makunni ne da 12V ke rufewa idan an murɗa makulli. Kafin ya rufe, sai an fara cika kafasitocin kwantirola a hankali ta wata 'yar resista na daƙiƙa kaɗan. Idan aka tsallake wannan, wutar da za ta afka lokaci ɗaya za ta manne bakin kwantakta, ya ƙi buɗewa. Wasu kwantirololin suna yin wannan da kansu, duba littafinsu. A kan wayar 12V da ke riƙe kwantakta, jera makunnin karo irin wanda ke yanke famfon fetur idan an yi hatsari, da jan maɓallin gaggawa kusa da hannun direba, da izinin BMS.

Fitilu da hon da waifa suna nan a kan ƙaramin batir na 12V. Tunda altaneta ta tafi da inji, sai a sa na'urar da ke sauke 102V zuwa 13.8V ta riƙa cika shi. Mai 30A zuwa 40A ta isa. Idan motarka ta kafin 1967 ce mai 6V, wannan ne lokacin mayar da ita 12V. Wayar totur ta asali a ɗaure ta a kan na'urar da ke gaya wa kwantirola yawan takun ƙafa, da sifirin 2 masu mayar da ita, ko ɗaya ya tsinke ɗaya na nan. Kwantirola kuma a ɗaure ta a kan farantin sanyaya mai ruwa ko mai fanka, sama da inda ruwan damina zai kai. Agogon fetur ba shi da sauran aiki. Sa mita mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, don boltej ɗin LFP kusan ba ya motsi daga kashi 20 zuwa 80, ba zai gaya maka saura nawa ba.

Caja

Caja mai kilowat 3.3 tana jan wajen 15A a 230V, abin da ya fi ƙarfin soket ɗin gida mai 13A. Ko ka ja mata layinta daga allon rarraba wuta, da nata makunnin kariya da lafiyayyar wayar ƙasa, kamar yadda ake yi wa na'urar sanyaya ɗaki, ko ka rage ta zuwa 10A. A 10A, mayar da yunit 16 zai ci awa 7 zuwa 8. Zaɓi cajar da ke jure hawa da saukar wuta, ka sa mata kariyar tsawa. A haɗa ta yadda motar ba za ta motsa ba muddin waya na jone. Caji da dare ko a inuwa ya fi wa batir, ba da tsakar rana bayan doguwar tafiya ba.

Farantin sola a rufin mota kuwa ado ne. Mai wat 300 zai tara yunit 1 da rabi a wuni, tafiyar kilomita 9. Faranti 10 a rufin gida su ne za su yi aikin.

Birki da ƙafafu

Canja tiyoyin birki da ruwansa. Idan tukunyar birkin mai layi ɗaya ce, sa mai layi 2, a gaba kuma a mayar da gangunan zuwa faifai. Sa sababbin shokazoba, a gyara sandunan murɗa na baya har tsayin mudigadi ya koma lambar da ka rubuta. Birkin hannu ya zama garau, domin barin mota a giya ba ya riƙe ta yanzu: moton lantarki juyawa yake sakaka, za ta gangara. Mai yin wannan aiki a kan Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, yana da ƙarin aiki a nan, don birkinta yana jan iska daga inji, sai an sa masa ƙaramin famfon lantarki da tulun ajiya.

Gwaji

Ɗaga ƙafafun baya. Gwada duk wayarin 12V tukuna, ka ji kwantakta na rufewa da buɗewa ba tare da babban batir ba. Cire kwantirola da BMS daga layi, ka auna tsakanin kowace babbar waya da jikin mota da mitar gwajin rufi. Ya kamata ta nuna miliyoyin om. Sannan ka mayar da komai, ka ɗaura haɗin ƙarshe.

A kwamfuta, ɗaure murɗawar moto a rabin ƙarfinsa, wutar batir a iyakar da takardar ƙwayoyin ta faɗa, juyi kuma kada ya wuce 5,000 a minti, don fulawil da giyabos an yi su ne domin injin da ba ya wuce 4,500. Sa giya ta 2, taɓa totur kaɗan, ka tabbata tayoyin gaba suke yi ba baya ba. Danna jan maɓalli ka ga komai ya mutu. Jona caja ka ga motar ta ƙi motsi.

Fitar farko a fili, minti 10, sannan a kashe, a zare makunnin gyara, a bi kowane haɗi da ma'aunin zafi mai haske. Wanda ya fi 'yan'uwansa ɗumi bai ɗauru ba. Ƙara tazara kaɗan-kaɗan kana kallon ƙwayar da ke fara faɗuwa a allon BMS. Birkin da moto ke yi yana mayar da wuta cikin batir, a tayoyin baya kaɗai yake kamawa, don haka a bar shi da sauƙi, kada bayan motar ya zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi, kuma a haɗa shi da fitilar birki. Za ka ga giya ta 1 ba ta da amfani. Ta 2 tana kai ka kilomita 55 zuwa 60 a cikin gari, ta 3 ta haura 90, kuma ba a taka kuloci don tsayawa a danja. Hon ya zama mai ƙarfi, masu tafiya a ƙasa da awaki ba sa jin zuwanta.

Koma ma'auni ka kwatanta da awon farko. Daga nan ka ɗauki takardun mota da rasiɗan moto da batir da hotunan aikin ka je ofishin VIO da na lasisi, domin lambar injin da ke takardarka ba ta cikin motar yanzu. Sanar da kamfanin inshora a rubuce. Bayan kilomita 500 na farko a sake bin notin faranti, na akwatuna da na kan ƙwayoyi da sifana mai awo, sannan a riƙa maimaitawa kafin kowace damina.